Yadda ake tara lambobi rukuni-rukuni a Excel: mako-mako, wata-wata, sashe-sashe

Tambaya: Malam, ina da jadawali a Excel da nake rubuta adadin katan ɗin kayan da ke fita daga ma'ajiya kullum, layi ɗaya a rana. Kwanan wata yana ginshiƙin A, adadi yana B, sashen da ya karɓi kayan yana C, daga layi na 2 zuwa na 365. So nake in fitar da jimlar kowane mako. Na rubuta =SUM(B2:B8) a G2, ta ba ni makon farko daidai, amma da na ja ta ƙasa sai ta koma B3:B9 maimakon B9:B15. Yanzu da hannu nake gyara kowace ɗaya. Akwai hanyar da ta fi wannan? Kuma ya zan yi in fitar da jimlar wata-wata da ta sashe-sashe?

Amsa: Akwai, ɗan'uwa, har fiye da ɗaya. Amma kafin in ba ka fomula, bari mu tsaya kan abin da ya sa taka ta ƙi, don in ka gane shi, sauran za su zo maka da sauƙi.

Excel ba ya riƙe B2:B8 yadda idonka ke ganinsa. Abin da ya ajiye a G2 kwatance ne: koma hagu ginshiƙi biyar, fara daga layin da kake tsaye, ka sauka shida. Da ka ja fomular zuwa G3, kwatancen yana nan yadda yake, wurin tsayuwar ne kawai ya sauka taki ɗaya, shi ya sa ka ga B3:B9. Excel bai san mako kwana bakwai ba ne. Bai ma san akwai wani abu wai shi mako a jadawalinka ba. Makon nan a kanka yake, ba ka rubuta shi a ko'ina cikin fayil ɗin ba, kuma daga nan duk wahalar ta taso. Wannan batu ya daɗe: VisiCalc, manhajar jadawalin lissafi da Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar a 1979, in za ka kwafi fomula sai ta tambaye ka a kan kowane adireshi ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya ne ko ya motsa. Excel kuwa ba ya tambaya. Yana motsa komai, sai wanda ka kafe da alamar $.

Hanya mafi sauri, wadda ba ta buƙatar sabuwar fomula, ita ce wannan. Bar fomularka a G2, ka zaɓi G2 zuwa G8, wato ita da gurabe shida marasa komai da ke ƙarƙashinta, sannan ka kama ɗan ɗigon da ke kusurwar dama ta ƙasa ka ja. Fomula ta gaba za ta sauka a G9, kuma tunda taki bakwai ta yi, za ta zama B9:B15. Aiki ya yi, sai dai jimlolin za su fito a warwatse, kowace da tazarar layi bakwai da 'yar'uwarta.

In kana son su jeru a manne, makon farko a G2, na biyu a G3, yawancin mutane wannan za su ba ka:

=SUM(OFFSET($B$2,(ROWS(G$2:G2)-1)*7,0,7,1))

ROWS ɗin nan ƙidaya yake yi: a G2 ya ba da 1, a G3 ya ba da 2, haka har ƙasa. A cire ɗaya a ninka da bakwai, sai a sami 0, 7, 14, 21. OFFSET kuma ya tsaya a B2, ya tsallake wannan adadin na layuka, ya ɗebo gurabe bakwai a tsaye ya miƙa wa SUM. Ka ja ta daga G2 zuwa G53, makonni 52 sun fito.

Tana aiki, kuma na ba ka ita ne don ita ka tambaya. Amma ni ba na son ka dogara da ita. Ƙaramin aibinta shi ne OFFSET yana cikin fomulolin da Excel ke sake lissafawa duk lokacin da aka taɓa wani abu a fayil, ko da abin bai shafe su ba, don haka in sun yi yawa sai fayil ya riƙa nauyi. Wannan da sauƙi. Babban aibin shi ne layuka take ƙirgawa, ba ta kallon kwanan wata ko kaɗan.

Ka ɗauka a mako na 10 an yi rana guda ba a buɗe ma'ajiya ba, wanda ke rubutawa kuma bai ga dalilin buɗe layi don sifiri ba, sai ya tsallake. Daga wannan wurin, layi bakwai ɗin mako na 10 sun cinye ranar farko ta mako na 11. Na 11 ya cinye ta na 12. Haka za su yi ta zamewa har ƙarshen shekara. Babu jan rubutu, babu gargaɗi, kowace lamba tana kama da gaskiya. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ko ka tara makonnin duka ka gwada da jimlar shekara, za su yi daidai, domin babu lambar da ta ɓata, wurin zama kawai suka canza. Na taɓa duba wani rahoto da irin wannan ta faru, an yi watanni ana tura shi sama ana yanke shawara da shi, sai da wani ya ɗauko takardar asali ta mako guda ya tara da hannu sannan asiri ya tonu. Tun daga ranar nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni: kada ka bar rukuni ya dogara da wurin da layi ya faɗa. Ka ba kowane layi sunan rukuninsa, a rubuce, a ginshiƙinsa.

Ga yadda za ka yi. A J1 ka rubuta ranar da makonka na farko ya fara. A D1 ka rubuta kalmar Mako, a D2 kuma:

=INT((A2-$J$1)/7)+1

Ka ja ta har ƙasa. Dalilin da ya sa take aiki shi ne a wurin Excel kwanan wata lamba ce kawai da aka sa wa riga. 1 ga Janairu 1900 ita ce lamba 1, kowace rana a ƙara ɗaya. Litinin 1 ga Janairu 2024 ita ce 45292. In ita ce a J1, layin 10 ga Janairu zai zama 45301, a cire 45292 saura 9, a raba da 7 a sami 1 da ɗoriya, INT ya zubar da ɗoriyar, a ƙara 1, mako na 2 ke nan. In D2 ya nuna maka wani baƙon kwanan wata na shekarar 1900 maimakon lamba, lissafin daidai yake, rigar gurbin ce za ka mayar General.

Yanzu a F2 zuwa F53 ka jera 1 zuwa 52, a G2 ka rubuta:

=SUMIF($D$2:$D$365,F2,$B$2:$B$365)

Ma'anarta: duba ginshiƙin D, duk inda ka ga lambar da ke F2, ɗauki abin da ke B na wannan layin ka tara. Ka lura da inda alamar $ take da inda babu. Zangon D da na B an kafe su don kada su zame in ka ja, F2 kuma an sake shi don ya koma F3, F4. Maɓallin F4 na kan madannai shi ke sa wannan alamar in kana cikin rubuta fomula. Da wannan tsarin, a tsallake rana, a rubuta layi uku a rana guda, a hargitsa jerin gaba ɗaya, kowace lamba gidanta za ta je, tunda ranarta ce ke nuna mata hanya.

Za ka ji ana cewa ai akwai WEEKNUM. Akwai, amma ka yi hattara: in ba ka gaya masa ba, daga Lahadi yake fara mako, kuma yana komawa 1 duk sabuwar shekara, don haka jadawalin da ya haura shekara guda zai haɗa makon 5 na bana da na bara a tukunya ɗaya. ISOWEEKNUM, wanda ya shigo a Excel 2013, daga Litinin yake farawa, amma shi ma yana komawa 1. Shi ya sa na fi son ƙirgawa daga J1.

Wata-wata da sashe-sashe kuwa aikin SUMIFS ne, wanda ya zo a Excel 2007 kuma yake karɓar sharaɗi fiye da ɗaya. A L2 zuwa L13 ka rubuta ranar 1 ga kowane wata, a M1, N1, O1 ka rubuta sunayen sassan. A M2:

=SUMIFS($B$2:$B$365,$A$2:$A$365,">="&$L2,$A$2:$A$365,"<"&EDATE($L2,1),$C$2:$C$365,M$1)

Ka ja ta ƙasa, ka ja ta dama, tebur ya cika. Abu biyu ke kayar da mutane a nan. Na farko, a SUMIF zangon da ake tarawa a ƙarshe yake, a SUMIFS kuma shi ne a farko. Na biyu, alamomin >= da < dole su shiga cikin alamar zance, adireshin gurbi kuma ya tsaya a waje, a haɗa su da &. In ka tura L2 cikin alamar zancen, Excel zai ɗauke shi a matsayin haruffa, ya ba ka sifiri. Sannan da gangan na ce ƙasa da ranar 1 ga wata mai zuwa, ban ce har zuwa ranar ƙarshe ta wata ba. EDATE ne ke ƙara wata guda. Idan kwanan watanka yana ɗauke da lokaci, kamar yadda yake zuwa in daga wata manhaja aka fitar da shi, to ƙarfe 12 na ranar 31 ga wata a wurin Excel lambar ranar ce da ɗigo 5, ta wuce iyakar da ka sa, sai ranar ƙarshe ta faɗi ba ka sani ba.

Wani lokaci rukunin ba shi da doka, kai dai kana son tara wasu gungu da ke nesa da juna. SUM na karɓar har zango 255 a fomula ɗaya, waƙafi ne tsakaninsu:

=SUM(B2:B8,B16:B22,B30:B36)

Ka rubuta =SUM( sannan ka danne Ctrl kana zaɓen su da linzami, Excel zai sa waƙafin da kansa. A kwamfutar da aka saita da tsarin ƙasashe irin su Faransa da Jamus, waƙafi mai ruwa za ka gani a madadinsa. Ka dai kula kada zango biyu su hau kan juna. =SUM(B2:B10,B8:B15) zai ƙirga B8, B9 da B10 sau biyu, kuma ba zai ce maka uffan ba.

Ƙirga abu sau biyu ya kawo ni ga ɗabi'ar da nake yawan gani: mutum ya kutsa layin jimla a tsakiyar bayanai, bayan kowane kwana bakwai, a cikin ginshiƙin B ɗin kansa. Ranar da ya tara B gaba ɗaya sai ya sami ninkin gaskiya, har na ga masu raba amsar da biyu su wuce. Wannan kitso da ƙwarƙwata ne. In dole sai jimlar ta zauna a tsakiya, saboda haka ake son a buga takardar, to ka yi ta da =SUBTOTAL(9,B2:B8), babbar jimlar ma ka yi ta da SUBTOTAL. Halinsa ne ya tsallake duk wani SUBTOTAL da ya tarar a cikin zangonsa. Yana da wani amfani kuma: in ka tace jadawali ka bar sashe guda, SUM zai ci gaba da tara har layukan da suka ɓuya, shi kuwa SUBTOTAL abin da matatar ta bari kawai yake tarawa. Lamba 9 tana haɗawa da layukan da ka ɓoye da hannunka, lamba 109 tana barin su. Idan kuma akwai gurbin da ke nuna kuskure irin #N/A yana ɓata maka jimla, AGGREGATE na Excel 2010 zai iya tsallake shi: =AGGREGATE(9,6,B2:B365). Ni dai na fi son ka nemo dalilin kuskuren ka gyara, don gurbin da aka tsallake adadi ne da ya kamata a ce an ƙirga.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, ko da fomularka ba ta da aibi. SUM, SUMIF da SUMIFS lamba kawai suke tarawa. Idan gurbi yana ɗauke da 120 amma a matsayin rubutu, za su wuce shi shiru kamar babu komai. Wannan na faruwa sosai da bayanan da aka kwafo daga intanet ko daga wata manhaja. Alamarsa a ido: lamba ta gaskiya tana jingina da dama, rubutu yana jingina da hagu, sau da yawa kuma da ɗan koren tabo a kusurwar hagu ta sama. Amma ido na yaudara in an taɓa daidaita gurabe, don haka ka gwada da lissafi. =COUNT(B2:B365) lambobi yake ƙirgawa, =COUNTA(B2:B365) kuma duk gurbin da ke da wani abu. In na farko ya ce 361 na biyu ya ce 364, gurabe uku suna cin amanarka. Maganinsa: zaɓi ginshiƙin, je Data, danna Text to Columns, danna Finish. Yawanci shi ke nan.

Sunayen sassa ma haka. SUMIFS bai damu da babban baƙi ko ƙarami ba, amma ya damu da tazara. Wanda ya rubuta sunan sashe ya danna maɓallin tazara a ƙarshe ya ƙirƙiri sabon sashe da ba ya cikin teburinka, kayansa kuma ba za su bayyana a ko'ina ba. TRIM na share irin wannan tazarar. Akwai wata mai taurin kai da ke zuwa daga shafukan intanet, lambarta 160, wadda TRIM ba ya gani, sai ka bi ta da =TRIM(SUBSTITUTE(C2,CHAR(160)," ")). In kana son ka toshe ƙofar tun daga tushe, ka sa Data Validation a ginshiƙin C, mai rubutu ya riƙa zaɓen sashe daga jeri maimakon bugawa da hannu. Haka nan kada ka haɗe gurabe da Merge don sunan sashe ya rufe layi biyar. Gurbin sama ne kaɗai ke riƙe sunan, sauran huɗun fanko ne, SUMIFS layi ɗaya zai tara cikin biyar.

Sai batun zangon da ya gaza. Fomulolin da na ba ka sun tsaya a 365. Ranar da ka ƙara layi na 366, ba lallai su bi ka ba. Kada ka raina wannan. A 2010 masana tattalin arziki biyu a Amurka, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, sun fitar da bincike kan alaƙar bashin gwamnati da bunƙasar arziki, wanda 'yan siyasa suka yi ta kafa hujja da shi. A 2013 wani ɗalibi a Jami'ar Massachusetts Amherst, Thomas Herndon, ya karɓi fayil ɗinsu ya tarar fomular matsakaici ta tsaya a layi na 44 maimakon na 49. Ƙasashe biyar cikin 20 suka faɗi daga lissafin: Ostareliya, Ostiriya, Beljiyam, Kanada da Denmak. Marubutan sun amsa wannan kuskuren. Manyan masana ne, shekara uku fomular tana zaune a haka.

Kariyarka ita ce ka danna cikin bayananka ka buga Ctrl da T, su zama tebur na Excel. Daga nan duk layin da ka ƙara a ƙasa yana shiga da kansa, fomular ginshiƙin Mako tana sauka da kanta, kuma za ka iya kiran ginshiƙai da sunansu. In ka sa wa teburin suna Kaya, taken ginshiƙan kuma Mako da Adadi ne, fomular ta zama:

=SUMIF(Kaya[Mako],F2,Kaya[Adadi])

Wanda zai gaji fayil ɗin bayanka zai karanta wannan ya gane ba sai ya kira ka ba. Kana iya cewa B:B ma don ɗaukar ginshiƙin gaba ɗaya, layi 1,048,576, amma kada ka ajiye fomular a cikin B ɗin, za ta riƙa tara kanta, Excel ya yi maka gargaɗin zagaye.

Da zarar bayananka sun tsaftu haka, PivotTable, wato teburin taƙaita bayanai da Excel ke haɗawa da kansa, zai yi maka duk teburin nan ba fomula ko ɗaya: Mako a layuka, Sashe a ginshiƙai, Adadi a tsakiya. Ka tabbata Sum yake nunawa, don in ya tarar da rubutu a cikin adadin yakan koma Count. Kuma ka saba da danna Refresh bayan ka ƙara bayanai. Mai Microsoft 365 na yanzu yana da =GROUPBY(D2:D365,B2:B365,SUM), mai Google Sheets kuma =QUERY(A1:D365,"select D, sum(B) group by D",1). Duka biyun ginshiƙin D ɗin nan suke nema. In kuma kowane wata shafinsa daban kuma tsarinsu iri ɗaya ne, =SUM(Janairu:Disamba!B2) zai tara B2 na duk shafukan da ke tsakanin waɗannan biyun a Excel. Google Sheets ba ya karɓar wannan salon.

Abu biyu nake roƙon ka ƙara kafin ka tura wa kowa rahoton. A wani gurbi da ido ke saurin kaiwa, ka rubuta =SUM(G2:G53)-SUM(B2:B365). Sifiri ya kamata ya nuna. In ya nuna wani abu, akwai layin da kwanan watansa ya fita daga makonni 52 ko aka rubuta shi ba daidai ba. In adadinka na da ɗigo, ka lulluɓe fomular da ROUND, domin kwamfuta takan bar ɗan ƙurar saura a lissafin gutsattsarin lambobi. Na biyun shi ne wanda zai kama kuskuren da na ba ka labari. A H2, kusa da jimlar makon farko, ka rubuta =COUNTIF($D$2:$D$365,F2) ka ja har H53. Muddin layi ɗaya kake rubutawa a rana, kowane mako 7 zai nuna. Wanda ya nuna 6, ka ɗauko takardar asali ka duba, rufewa aka yi ranar ko mantuwa. Wanda ya nuna 8, an shigar da rana guda sau biyu ko an yi kuskuren buga kwanan wata, kuma lambar makon da ke F ta riga ta gaya maka layukan da za ka buɗe.